Harawar Kan Soro

"Ki tattara kayan yaron ga, yau za a mayar mai da su."

Nusaiba tana durƙushe gaban firiza, tana kwashe ledojin kunun ayar da suka kwana suka yi tsami, lokacin da maganar mahaifinta ta faɗo mata a ka. Ba ta ɗago ba. Hannunta ne kawai ya tsaya cak a cikin ruwan ɗumin da ya taru a ƙasan firizar, ruwan da ya kamata a ce ƙanƙara ne.

Mahaifin nata, Malam Wakili, yana tsaye bakin turakarsa, carbi a hannu, idonsa a ƙasa.

"Da ke nika magana, Nusaiba."

"Na ji, Baba."

"Turamen atamfa, da sabulai, da duk abin da Kamaluddeen yak kawo da sunan neman aurenki. Ko allura kar ki bari. Gobe da sahe za ni hau soron da kaina in kwance farantan solar ga, a sauke mani su. Na gaji."

Mahaifiyarta, Inna Fadima, ta fito daga madafa tana goge hannu da bakin zane.

"Malam, a bar yaron shi yi magana mana. Ko alƙali ai sai ya ji ta bakin mutum."

"Wace magana ta rage? Mutum shi hau soron gidana ba shela, awa ɓarawo? Ke ba ki ji ihun matar Maliki ba jiya?"

Kowa ya ji. A unguwar nan, kamar ko'ina a Sabon Birni, namiji ba ya taka soro ko katanga sai ya fara tsayawa a ƙofar gida ya ɗaga murya ya sanar, matan maƙwabta su shige ɗaki ko su ja mayafi. Ko magini mai yaɓe ya san haka. Amma jiya da hantsi Kamaluddeen, mai haɗa sola, ya jingina tsaninsa ta lungun bayan gida ya haye shiru. Radiyya, matar maƙwabcinsu Malam Maliki, tana tsakar gidanta da ɗaurin ƙirji tana wanke kai. Ta ɗaga ido ta ga namiji a sama. Kafin azahar zancen ya kai bakin kasuwa.

Nusaiba ta miƙe a hankali, ruwa yana ɗiga daga yatsunta.

"Baba, ya sha roƙonka ka bar shi shi hau shi duba. Kullum sai ka ce a bari sai wani lokaci."

"To don na hana shi sai shi hau da ƙarfi? Wanga shi na mutumin da za ni ba ɗiyata?" Ya ɗan yi tari. "Ya sa kin sai da saniyar gadon da kakarki tab bar maki. Saniya ɗaya tilo da tar rage muna a duniya. Da yanzu ta haihu, kina shan nono. Wanga baƙin gilashi mi yah haifa maki?"

"Bara ya haifa, Baba. Da kuɗin ƙanƙara munka yi azumi, da su munka yi salla."

"Bara ta wuce."

Ya juya ya shige turaka, ya ja ƙofa.

Gaskiyarsa ta wani gefen. Saniyar ita kaɗai ta tsira lokacin da 'yan bindiga suka kore garkensu a ƙauyensu Gatawa, don tana wajen wani makiyayi a tsallaken iyaka. Da suka yi gudun hijira zuwa cikin gari, babu gona babu garke, Nusaiba ce ta dage sai an sayar da ita an sayi sola da firiza. Kamal bai ɓoye mata komai ba. Ya ce kuɗin farko masu nauyi ne, batir kuma yana tsufa, wata rana sai an sake. Amma rana ba ta da farashi, kuma a gari mai zafi irin wannan, wanda wutar gwamnati ta manta da hanyarsa, mai ƙanƙara ba ya kwana da yunwa.

Haka kuwa aka yi. Bazarar bara layi ake yi a ƙofar gidan.

Sai bayan kaka komai ya juye. Firiza ta fara kasala, batir ba ya cika. Kamal ya duba wayoyin ƙasa, ya canza batir daga aljihunsa, duk a banza. Cikin sanyi abin bai dame su sosai ba. Yanzu zafi ya kankama, azumi ya ƙarato, ga shi ko ruwan sanyi ba ta iya fitarwa.

Inna ta matso ta dafa kafaɗarta.

"Ki yi haƙuri, ki bi ubanki."

"Inna, in na bi shi a wanga, na kashe mutumin da bai yi mani komi ba sai alheri."

Inna ta ɗaga kai ta dubi saman soro, inda damman harawa ke jibge tun kaka, kamar yadda suke a kan kowane soro a garin. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta koma madafa da sauri kamar wadda wuta ta kira.

* * *

Rana ba ta gama ɗagawa ba aka ji ƙarar amalanke a ƙofar gida.

"Salamu alaikum! Ina matata mai sai da ruwan zahi?"

Zayyanu ne, ɗan Gwaggo Saude, taubashinta. Shi ke da rumfar fetur a bakin tasha, jarkoki jere kamar sojoji. Tun tana 'yar makaranta yake ce mata matarsa da wasa. Tun da Kamal ya fito neman aurenta, wasan ya daina zama wasa.

Ya shigo yana ƙamshin turare da warin mai a haɗe. Bayansa masu dako biyu suka dire sabon janareta a tsakar gida, jawur, ko ledarsa ba a cire ba.

"Ga miji na gari," ya ce yana bubbuga tankin. "Ba ruwanai da rana, ba ruwanai da hadari. Ki ja igiya kawai shi amsa."

"Shi amsa, shi kuma shanye ribar," in ji Nusaiba. "Yaya Zayyanu, na yi sana'ar ga da inji a gidan maƙwabta kahin in sayi sola. Duk abin da ka samu da rana, da marece sai ka kai ma mai fetur. Wato kai."

Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"To ai shi ya sa nic ce ki auri mai fetur ɗin, kuɗin su tsaya cikin gida! In kin shigo ɗakina, mai kyauta na har abada."

"Abin da anka ce kyauta na har abada, shi ya hi tsada."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ja kujerar tsugunno ya zauna, ya rage murya yadda Inna ba za ta ji ba.

"Bari in gaya maki abin da ba wasa ba, Nusaiba. Kin san mi aka hwaɗi a tasha? Gidan Alhajin bakin gulbi da anka shiga bayan kaka anka tahi da ɗiyanai, wa yah haɗa mai sola? Mutuminki. Mutum na da ya hau soron rabin garin ga. Ya san gidan da ad da abu, ya san inda katanga ta yi gajarta. Jiya kuma an gan shi bisa, ba shela, shina leƙe-leƙe."

Ta zuba masa ido.

"Mi kaka son cewa?"

"Ni ban ce komi ba. Mutane na ke cewa infoma na."

Kalmar ta faɗi tsakaninsu kamar gatari. A wannan ƙasa, wanda aka laƙa wa sunan mai kai wa 'yan bindiga rahoto ba ya jiran kotu. 'Yan sa-kai ne ke zuwa su ce ya zo a yi magana a bayan gari, kuma ba kowa ke dawowa daga maganar ba.

"Ka ji tsoron Allah, Yaya Zayyanu. Kai da shi sahu ɗaya kuke salla."

"Don ina jin tsoron Allah niz zo in gaya maki. Ki cire sunanki daga nashi tun da wuri." Ya miƙe yana kakkaɓe shaddarsa. "In da gaskiya gare shi, mi yah hana shi hwaɗin abin da yak kai shi bisa? An tambaye shi gaban mutane jiya, ya yi shiru awa kurma."

Wannan tambayar ce ta zauna mata a ƙirji bayan ya tafi.

* * *

Bayan azahar Kamal ya zo karɓar kayansa.

Ta same shi a zaure, zaune a ƙasa ba a kan tabarma ba, kamar wanda ya san ba shi da sauran matsayi a gidan. Kwana ɗaya kacal, amma fuskarsa ta faɗa. A gefen goshinsa akwai kumburi inda dutsen wani yaro ya same shi jiya.

Ta ajiye akwatin a tsakaninsu. Ta zauna nesa, ta ja mayafi.

"Ina wuni, Malam Kamal."

"Yau kuma Malam niz zama?" Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Lahiya lau, Nusaiba."

A waje wata akuya tana kuka.

"Don mi ba ka yi shela ba?"

"In na yi, Baba za shi hito shi hana ni. Ni kuma na kasa barci. Kullum ina ganin kina zubar da kunu a kwata, ina tuna ni nis sa kinka rabu da saniyarki. Nic ce minti kaɗan, in duba in sauko, ba wanda za shi sani." Ya sunkuyar da kai. "Na yi kuskure. Matar mutane ba ta yi mani laihin komi ba. Na tahi na durƙusa ma Malam Maliki, ya ƙi ko dubana."

"To mi kag gani a bisa?"

"Ba komi."

"Kamal."

"Nic ce ba komi."

Hawayen da take riƙewa tun safe suka ɓalle.

"Ka san abin da aka ce maka a gari? Infoma! Kai da kah haɗa ma masallacin unguwa wuta kyauta! Za su zo su tahi da kai, ka bar tsohuwarka da wa? Ka buɗe baki ka hwaɗi abin da kag gani, ko waya ta ta ƙone, ko farantan na na jabu. In na jabu na, wallahi na yahe. Kai ma cutarka anka yi a Sakkwato."

"Ba na jabu ba na!" Ya ɗago da zafi, karo na farko. "Da hannuna niz zaɓe su. Ko gobe anka ba su rana za su cika maki batir kahin la'asar."

Ta tsaya da kukan.

"Anka ba su rana? Wa yah hana su rana?"

Ya kawar da kai.

"Maganar baki ta, ba ta da ma'ana."

"Ka dube ni ka sake hwaɗi."

Bai dube ta ba. Ya jawo akwatin ya rungume shi a ƙirji kamar jariri.

"Nusaiba, akwai maganar da in ta hito bakina, ko an ba ni ke, ba ni iya haɗa ido da mutanen gidan ga har in mutu. Gara a ce mani ɓarawo. Ni yaro na, sunana za shi wanku wata rana. Akwai wanda in nashi ya ɓaci, ba shi da sauran shekarun wanke shi."

"Ni hwa? Ni ba ni cikin lissahinka?"

"Ke ce lissahin duka." Ya miƙe da akwatin. "In anka yi la'asar za ni wuce garin Isa, wurin kawuna. In ƙura ta lahwa, za ni yi aiki in sai maki karsana, ko shekara nawa za ta ɗauka. Ban ci saniyarki ba, amma ni nis sa ta bar hannunki."

"Ban son karsana! Kai nika so!"

Ba ta taɓa faɗa masa haka da baki ba. Shi ma ya sani. Ya tsaya a bakin zaure, bayansa gare ta.

"Ki yi ma Baba biyayya," ya ce. "Mutumin kirki na. Ya hi yadda kika zato."

Ya fita.

* * *

Ta shigo tsakar gida kamar mahaukaciya. Baba ya tafi zaman makoki a wata unguwa, sai la'asar zai dawo.

"Inna, ina tsanin gidan ga?"

Inna Fadima tana tsince shinkafa a faifai. Hannunta ya tsaya.

"Mi za ki yi da tsani, ke ɗiya mace?"

"Mace ba ta buƙatar shela. Inna, don girman Allah."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon faifan. Sannan, ba tare da ta ɗago ba, ta kwance bakin zanenta ta ciro mabuɗin turakar Malam ta ajiye a kan tabarma.

"Ni ban ba ki komi ba," ta ce. "Ban kuma ga komi ba."

Tsanin yana kwance a bayan gadon Baba, an lulluɓe shi da tsohon bargo. Nusaiba ta ja shi da ƙyar ta jingina a bango, ta ɗaure zanenta tamau, ta hau. Ƙarfen indararo ya ƙona mata tafin hannu. Ba ta ji ba.

Da ta kai sama sai ta tsaya cak.

Daga ƙasa, harawar kamar a gefe take, jikin rawanin soro. Ashe ba haka ba ne. Damman suna kwance ne a kan farantan kansu, an jera su da kyau. Gefe ɗaya kawai aka bari a buɗe, ɗan siriri, ta ɓangaren da ba ya kallon daji. Ta ɗaga dami ɗaya. A ƙarƙashinsa buhunan gero ne aka farke aka ɗinke su wuri guda, aka yi wa gilashin riga, aka ɗaure da igiyar rama a ƙafafun ƙarfen.

Ta san ɗinkin. Manyan taku na basilla, a karkace, kowane an ƙulle shi sau biyu. Tun tana ƙarama take zama kusa da mai wannan ɗinkin a bakin rumbu a Gatawa, tana miƙa masa zare.

Ta zauna daɓas a kan soron mai zafi, ta toshe bakinta da mayafi don kada maƙwabta su ji.

Wannan ne abin da Kamal ya gani. Wannan ne ya gwammace a jefe shi da dutse a kansa.

* * *

Malam Wakili ya shigo gab da kiran la'asar. Ya ga tsani a jingine. Ya ga 'yarsa durƙushe a tsakar gida, rigar buhun a shimfiɗe a gabanta.

Carbin ya zame daga hannunsa.

Inna ta tashi za ta shige ɗaki, ya ɗaga mata hannu.

"Zauna. Ai kin sani tun tuni."

Ya lallaba ya zauna a kan turmin da ke kife. Nusaiba ba ta taɓa ganin tsufansa ba sai yau.

"Baba, ban zo in yi maka tsiwa ba," ta ce cikin kuka. "In ka ce in bar shi, na bar shi. Amma ka gaya mani laihin da niy yi maka. Wata da watanni ina zubar da jarina a kwata kana kallo."

"Ina kallo," ya ce a hankali. "Kowace leda kinka zubar, a nan nika jin ta." Ya dafa ƙirjinsa. "Kin tuna shekarar da yayanki Hafizullahi yay yi mani ruhin kwano a Gatawa?"

Inna ta saki wani sauti ta juya fuska bango. Ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, ballantana yanzu.

"Gidanmu kaɗai ad da kwano a layin. In rana ta taso, tun daga fadama kaka hango shi shina walƙiya. Ina alfahari, ina nuna ma baƙi. Ranar da sunka shigo, ba su tambayi kowa hanya ba. Kai tsaye sunka zo. Babbansu yac ce mani, tsoho, mai ruhin ga ba shi rasa kuɗi." Ya dubi ƙasa. "Sunka tahi da yayanki. Na sai da gona na kai masu kuɗin fansa. Ko gawarshi ba su ba ni ba."

"Baba..."

"Bari in gama. Bayan kaka, da anka shiga gidan Alhajin bakin gulbi, ina dawowa daga jaje da hantsi, nid ɗaga kai daga kan gada. Nusaiba, duk unguwar ga ba abin da ke ƙyalli sai soron gidana. Irin ƙyallin nan. Shi na, bai canza ba." Hawaye suka gangaro cikin furfurar gemunsa. "Ke kaɗai kinka rage mani. In ce maki ki sauke abin da kinka sai da gadonki kinka saya, don ubanki tsoro shika ji? Ni da nike gaya ma mutane a masallaci su dogara ga Allah? Nic ce in ya daina aiki, ke da kanki za ki gaji ki sai da shi."

Nusaiba ta rarrafa ta kama ƙafarsa.

"Baba, tsoronka gaskiya na. Ni ma ina ji. Amma saniyar ma da tana nan, cikin gari za mu ɗaure ta? Ita ma gani za a yi. Duk abin da za shi ciyar da mu, ido na ganinai. In mun ɓoye komi, yunwa ta za ta ishe mu cikin ɗaki."

Ya sunkuyar da kai, ita kuma ta ci gaba.

"Kuma Kamal ya gani jiya. Ya ga ɗinkinka."

Tsohon ya ɗago da sauri.

"Ya gani?"

"Ya gani, ya mayar da damin yadda yas same shi, ya sauko. An tsare shi gaban mutane, an jehe shi, bai ce uffan ba. Yanzu ana ce mai infoma a tasha. Na roƙe shi da kuka shi gaya mani, yac ce gara sunanai shi ɓaci da naka." Ta ɗaga jajayen idanunta. "In anka sallame la'asar za shi bar garin. In 'yan sa-kai ba su riga shi hanya ba."

Daga masallacin unguwa ladan ya ɗaga murya, lasifikar tana aiki da wutar da Kamal ya haɗa.

Malam Wakili ya daɗe yana kallon rigar buhun. Sannan ya sunkuya ya naɗe ta, ya saɓa a kafaɗa, ya ɗauki carbinsa da butarsa ya fita.

* * *

Nusaiba ta yi sallarta a gaggauce, ta zo ta laɓe a bayan ƙyauren zaure, tana leƙe ta tsagar katako.

Mutane suna fitowa daga masallaci. Ga Malam Maliki, fuska a murtuke. Ga Zayyanu jingine da motar wani yana danna waya. Can gefe, nesa da kowa, Kamal yana ɗaure akwati a bayan babur, wasu samari biyu 'yan sa-kai masu bindigar toka suna tsaye suna kallonsa ba ko ƙiftawa.

Kamal ya buga babur ɗin, injin ya tashi.

Sai ta ga mahaifinta ya ratso taron, ya zo ya tsaya a tsakiyar ƙofar gidansa. Ya warware buhun ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

"Jama'a, ku tsaya ku ji. Wanga ɗinkina na. Ni nir ruhe farantan gidana da shi, nid ɗora harawa bisa, don tsoron idon mutanen daji. Abin da yaron ga yah hau dubawa ke nan, ya gani ya ruhe mani asiri. Maliki, ni nih hana shi hawa da izini har yay yi abin da yay yi. Haƙƙin iyalinka a wuyana shike. Ka yahe mani."

Samarin nan biyu suka dubi juna. Zayyanu ya sauke wayarsa a hankali.

Malam Wakili ya jefar da buhun. Ya juya ya fuskanci katangun maƙwabta, ya kai tafukansa bakinsa, ya ɗaga muryar da rabon Nusaiba da jin irinta tun suna Gatawa.

"A gahwarce mu, maƙwabta! Mata a shiga ɗaki! Za a hau bisa!"

Ya maimaita ta gabas. Ya maimaita ta yamma. A cikin gidaje aka ji ƙarar kwanuka da takun gudu.

Malam Maliki ya gyara tsayuwa, har yanzu bai saki fuska ba.

"Mun ji, Wakili. Wa za shi hau?"

Tsohon ya nuna mai babur da carbinsa.

"Surukina."

Nusaiba ta zame ta zauna a ƙasan zaure, ta kifa kai a gwiwa.

Ba ta ga lokacin da Kamal ya kashe babur ba, ba ta ga hawansa ba. Ta dai ji damman harawa suna faɗowa tsakar gida ɗaya bayan ɗaya, tim, tim. Can kuma, daga cikin rumfa, firizar da ta yi watanni tana nishi ta ja dogon numfashi ta kama kuka sosai. Inna ta ɗora tafinta a kan murfin tana salati.

Da Nusaiba ta share ido ta sake leƙawa, mutane sun fara watsewa. Mahaifinta ne kawai bai motsa ba. Hasken da gilashin ya maido yana kwance a bangon masallaci, fari tas, duk mai ido zai gani. Shi kuwa ya ba shi baya, ya zuba wa hanyar Gatawa ido, leɓunansa suna motsi, carbin yana tafiya a hankali tsakanin yatsunsa.